Gidan Yaya a Moss Side

Shekara goma sha ɗaya Yaya ta yi a gidanta na unguwar Moss Side a Manchester, irin gidajen nan masu haɗa bango, maƙwabci ya yi tari ka ji shi. Ita da mijinta suka saye shi da mortgage, wato bashin banki na sayen gida. Shi direban bas ne, ita tana shara a wata makaranta. Da Allah ya yi masa rasuwa, biyan wata-wata ya koma kanta ita kaɗai, albashinta kuwa bai isa ba.

Ni ina Erdington, a wani gari daban, ina aikin kula da tsofaffi. Wata Laraba da hantsi ta kira ni.

"Auta, kin san wanda ya iya karanta takardun banki?"

"Yaya, ina wurin aiki. Zan kira ki."

Ban kira ba. Ko mantawa na yi, ko so na yi in manta, har yau ban tantance ba.

Bayan wata huɗu maƙwabciyarta ta bugo mini, ta ce bankin ya kai Yaya kotu, za a karɓe gidan. Na hau coach, babbar motar fasinja, zuwa Manchester. Na tarar da gida tsaf, yana ƙamshin turaren wuta, takalman marigayi a jere a bakin ƙofa. Wasiƙun bankin kuwa, a rufe, suna cikin babbar tukunyar da take dafa shinkafa da wake ranar Sallah.

"Yaya, me ya hana ki buɗe su?"

"Na buɗe ta farko. Sauran ai duk magana ɗaya ce."

Ba ɗaya ba ce. A ta uku da ta huɗu sun nemi ta kira su a daidaita.

Washegari muka je ofishin da ake ba da shawara kan bashi kyauta. Wata dattijuwa ta zauna da mu, ina fassara wa Yaya abin da ya shige mata duhu. Dattijuwar ta ce da farko ana iya roƙon banki ya ƙara shekarun biya don kuɗin wata ya ragu, ko a ɗora abin da ya taru a kan uwar bashin. Yanzu kuwa sai dai a nuna wa alƙali za a iya biyan na wata har da ƙari. Ta buga lissafi sau biyu, bai fita ba.

"Da kun zo wata uku da suka wuce..." in ji ta.

Wannan ban fassara ba. Yaya ta ji da kanta. Ba ta dube ni ba, gyara mayafinta kawai ta yi.

Matar ta kawo maganar bankruptcy, wato a ayyana mutum ya kasa biyan bashi: za a shafe bashin katunan banki da Yaya ta ci lokacin jinyar mijinta, amma da wuya gidan ya tsira. Yaya ta ɗan yi tunani.

"Tambaye ta, in an shafe a takarda, a lahira fa?"

Ban tambaya ba, ita ma ba ta jira amsa ba. Ta ce ba za ta yi ba.

A kotu alƙali ya ba ta lokaci ta sayar da gidan da kanta. Ta sayar, ta biya banki, ta biya katunan. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Takalman ta ba da su sadaka a masallaci.

Yanzu tana ƙaramin ɗakina na sama. Ta zo da labulenta, sun yi wa tagogina tsawo, ta ƙi a rage su. Ranar Asabar mukan je Stratford Road cefane, ta yi ciniki, ta yi dariya da masu shago.

Kwanakin baya na raka ta GP, wato asibitin unguwa. Yarinyar da ke kan tebur ta tambaye ta adireshi. Yaya ta faɗi lambar gida da sunan titi na Moss Side, ba gargada. Yarinyar ta duba kwamfuta, ta ɗago ta dube ni. Na daɗe kafin in gyara.