Tafiyar da Yaya Ladi ta ƙi fasawa

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayata Ladi. Duk sanda ta faɗo mini a rai, a garin Aachen na ƙasar Jamus nake ganinta, tsaye a ƙofar tsohuwar majami'arsu tana ƙyalƙyala dariya.

Tun da muka baro Jos muka zo Turai muka zauna a unguwar Cheetham Hill, Yaya ba ta san hutu ba. A gidan kula da tsofaffi take aiki, kuma a can ne wata tsohuwar Bajamushiya da take yi wa wanka ta cika mata kunne da labarin garinsu. Da likitan unguwarmu ya tura ta gwaji, sakamako bai yi daɗi ba. Likitoci suka so a fara magani nan take, ita kuwa ta ce sai ta ga garin nan tukuna. Na yi faɗa, na yi kuka. Ta ce, "Talatu, ko ki raka ni ko in tafi ni kaɗai."

Na raka ta. Titunan duk shimfiɗar dutse ce, tana tafiya tana hutawa, amma ba abin da ta bari. Akwai ruwan ɗumi da ke ɓuɓɓugowa a tsakiyar gari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta wanke hannu da shi tana toshe hanci. Ta sayi biskit ɗinsu mai kayan yaji, ta gatsa, ta ce ashe Turawa ma suna da ƙuli-ƙuli. A ƙofar majami'ar akwai kan zaki na tagulla, mutanen garin na cewa yatsan Shaiɗan ya maƙale a ciki, baƙi kuma kan zura hannu su laluba. Ni na ja baya. Yaya, 'yar zumuntar matan coci guda, ta zura nata, ta ce gara su gaisa ya san ta fi ƙarfinsa.

Da muka shiga ciki, dariya ta ɗauke. Ta daɗe zaune tana kallon sama, ban katse ta ba.

Yau 'yarta Rahila tana jami'a, tana zaune a unguwar Selly Oak. Kowane hutu tana wata ƙasa, hotuna sai shigowa waya suke yi. Me Yaya za ta ce? Ina jin za ta fara da mitar yawon ya yi yawa, sannan ta tambaya ko da sauran wuri a jirgi.

Har yanzu ban sani ba ko jinkirin nan ya rage mata kwana. Na daina tambayar kaina. Abin da na sani, a watanninta na ƙarshe, duk wanda ya zo dubiya da hawaye, labarin Jamus yake sha, har ya manta abin da ya kawo shi. Masu zuwa gaishe ni yanzu ma, ba wanda ke tuna mini ciwonta. Cewa suke, "Talatu, ba mu labarin tafiyarku."