Guba a Shafin Malama Ummukulsum

Shekara talatin da ɗaya Malama Ummukulsum ta yi tana aikin malamar gona, kuma in ka tambayi matan ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi abin da suka fi tunawa da ita, za su ce maka faɗa a kan wake. 'Yar Maska ce, gajeriya, mai kaurin murya. Na yi shekara tara ofishinmu ɗaya da ita, na sha ganin ta cusa hannu cikin buhun waken mutane ta shinshina, ta ɗago fuska a yamutse.

"Wannan abinci ne, ko ɓeraye za ku kashe?" Haka take tambaya, ko gaban wa.

Abin da ta tsana a rayuwarta shi ne a zuba maganin feshin gona cikin hatsin da za a ci, wai don kada ya yi ƙwari. Ita abin da take koyarwa ba shi da wuya: a shanya wake ya bushe ƙayau, a zuba shi a buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban. In babu iska, ƙwaron da kansa yake mutuwa.

Dab da za ta yi ritaya aka tura mu bita Zariya, inda aka koya mana wata manhaja ta gina shafin intanet. Manhajar ba ta bukatar wani ilimi mai zurfi. Ka zaɓi fasalin shafi, ka zuba rubutu da hoto inda kake so, kamar mai jera kaya a kanti. Mu duk muka manta da abin kafin mu iso gida. Ita kuwa ta riƙe shi. Bayan ta ajiye aiki ta zauna a gidanta na Funtua tana rubutawa da Hausa: lokacin shuka masara, yadda ake gane jabun taki, ajiyar wake da waken suya. Manoma suka yi ta tura rubutun a guruf-guruf na waya. Wanda bai iya karatu ba sai a karanta masa.

Ana haka wani mutum ya sallama a ƙofar gidanta, Isah, wakilin wani shagon intanet mai sayar da kayan gona. Mai fara'a ne, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta.

"Hajiya, mutane sun yarda da ke," ya ce. "Kina ce musu su sayi buhu mai leda, ba ki faɗi inda za su samu ba. Mu za mu ba ki mahaɗi naki na kanki, ki maƙala shi a jikin kalmar. Duk wanda ya latsa ya faɗa shagonmu ya saya, kina da kamasho."

"Wato dillanci ke nan," ta ce.

"Shi ne, Hajiya. Sai dai babu yawo a rana."

Ta yi kwana biyu tana tunani, ta ga babu haram a ciki, ta amince. Da hannunta ta sa guda huɗu: buhu, tamfol na shanya, sikeli da rariya. Za ta zaɓi kalmar, ta danna wata alama mai kama da sarƙa, ta manna mahaɗin, sai kalmar ta koma shuɗiya. Kowane kaya sai da ta sa aka kawo mata shi tasha ta gwada. Sikelin farko ma ta mayar, ta ce yana cin kusan rabin kilo.

Bayan wata shida Isah ya dawo da sabuwar magana. Ya ce akwai ɗan tsarin da zai liƙa mata a bayan shafin, wanda zai riƙa karanta rubutunta yana sa mahaɗan da kansa, ta huta da wahala. Idonta ya fara gajiya da ƙananan haruffa, sai ta miƙa masa wayar. Daga baya ta faɗa mini da bakinta cewa ba idon kaɗai ba ne. Kamashon ya yi mata daɗi. Da ya ninka cikin wata biyu ba ta tambayi dalili ba, ta je ta sake kwanon rufin ɗakinta. Ita kuma ba ta buɗe shafin ta gaba, yadda manoma ke ganinsa. Ta wajen rubutu kawai take shiga, ta rubuta ta fita.

Bayan kaka ta je kasuwar Danja sayen yaji. Nan ta haɗu da Nana Aisha, ɗaya daga cikin matan da ta koyar shekarun baya. Nana Aisha ta rame, ta gaishe ta sama-sama tana kallon gefe.

"Lafiya, Nana?"

"Lafiya lau yanzu, Malama. Kwananmu biyu a asibiti, ni da yara huɗu. Alale muka ci da waken nan da aka sa wa maganinki."

"Maganina? Ni ina da magani?"

Nana Aisha ta kira mijinta Hussaini daga rumfar masu hatsi. Ya zo ya buɗe wayarsa ya nuna mata. Rubutunta ne na ajiyar wake. A samansa an ɗora wani akwati mai hoton kwalba, an rubuta: Abin da Malama ta zaɓa muku. A tsakiyar rubutun kuma, daidai inda ta ce mutane suna halaka kansu da zuba maganin ƙwari, kalmomin nan biyu sun zama shuɗaye. Ta latsa. Kwalbar nan dai ta fito, har da rangwame da sunanta.

"Ni ban karanta har ƙasa ba," Hussaini ya ce. "Sunanki na gani. Na ce tunda ke kika sa, wannan ba irin na da ba ne."

Ta hau babur ta bi su gida. Tun daga bakin ɗakin ajiya warin ya dake ta, warin da ta yi rabin rayuwarta tana kora daga gidajen mutane. Buhu biyar ne. Ta fita bayan ɗaki ta yi amai.

Da ta dawo ta ce kada kowa ya ƙara ci. Hussaini ya ce ai sun daina, dama ran kasuwa mai zuwa yake shirin fitar da shi.

"Ka fitar da shi ina?"

"Kasuwa mana, Malama. Tunda mu ba za mu ci ba."

Mutumin da 'ya'yansa suka kwana ana musu ƙarin ruwa, shi ne zai auna wa mai ƙosai wannan waken. Amma ba ta zage shi ba, domin shafinta ne ya kai masa kwalbar. Sai ta ce ya haƙa rami. Washegari ta kawo masa buhu biyar daga gonarta ta Maska, ta tsaya a kansa har aka binne nasa.

Ta kira Isah ya zo gida. Kafin ya iso ta bi shafin ta gaba, rubutu bayan rubutu. A wanda ta yi kan ƙarfin ƙasa, kalmar ƙarfi tana kai mutum ga maganin maza, da hoton da ba ta iya kallo sau biyu ba. A na kiwon awaki an sa ƙwayar ƙiba ta mata. Duk da sunanta a sama, shafin da limamai da dattawa ke buɗewa.

Isah ya saurare ta yana murmushi.

"Hajiya, ai ba mu ce a zuba a abinci ba. An rubuta gargaɗi a jikin kwalba."

"Da wane yare?"

"Da Turanci."

"Hussaini ya iya Turanci?"

"To wannan kuma ba mu muka hana shi ba. Kuma ki yi haƙuri, kwalbar nan ita ke kawo fiye da rabin abin da kike samu. Ki bar ta kawai, ki ƙara layi ɗaya ki ce a yi hattara."

Ruwan da ta kawo masa yana gabansa bai sha ba. Ta ɗauke kofin ta ce ya tashi ya fita.

Cire abin ya fi sa shi wuya. Ta goge tsarin da ya liƙa, amma mahaɗan da ya riga ya dasa suka zauna daram a cikin rubutun. Dole ta buɗe rubuce-rubucenta guda tamanin da uku ɗaya bayan ɗaya, ta nemo kowace shuɗiyar kalma ta kwance ta. Kwana uku ta yi. Na je rana ta biyu na same ta a tsakar gida, tabarau a karan hanci, tana latsawa tana tsaki. Har nata huɗun na asali ta cire, ta ce ba ta son ƙofar da za ta kai kowa shagon nan.

Sannan ta rubuta a fuskar shafin abin da ya faru, ba ta rage komai ba, har da cewa ta ci kuɗin ba ta tambaya ba. Ta naɗi murya ta tura guruf-guruf saboda waɗanda ba sa karatu. Wasu tsofaffin abokan aikinmu suka ce ta tona wa kanta asiri a banza. Mutum bakwai kuwa suka kira ta, daga Tsiga da Danja da wani ƙauye bayan Malumfashi, duk sun sayi kwalbar. Biyu sun riga sun sayar da wakensu, ba su san wa ya ci ba. Wannan ne ba ta son a tayar mata.

Yanzu in ka buɗe shafin, wajen buhu mai leda lambar wayar Adaku ce, wata 'yar kasuwa haifaffiyar Funtua da Malama ta daɗe tana sayen kaya a shagonta. Wani kamfanin iri ya nemi ta sa nasa mahaɗin, ta ce sai ta shuka irin a gonarta damina guda ta ga abin da ya fito. Suna jira.

Watan jiya aka turo mata shafin wani malami a Malumfashi mai rubutu kan kiwon kaji. Tana buɗewa ta ga akwatin nan a sama, da kwalbar, da sunansa. Ta nemi lambarsa ta kira shi, ta ba shi labarin Danja tun daga farko. Ya yi mata godiya sosai, ya ce in sha Allahu zai duba. Jiya na buɗe, kwalbar tana nan.