Aibin da Na Wanke da Soso

Akwai ranar da ko an daka kaina a turmi ba za ta fita ba, kuma gara in ba ku labarinta da bakina kafin Tsalha dillali ya ba ku da ƙarin gishiri. Laifina ɗaya ne: na wanke gilashin mota ta ciki. Soso ne da ruwan sabulu, sai kuma hannun da ke son a yaba masa. Ku sababbin yaran garaji da kuke dariya in an ce kada a taɓa alli, ku matso ku ji abin da alli ya ja mini.

Garajin na kawuna ne, Alhaji Habu, yayan mahaifiyata, mutumin Damagaram da ya zauna a Diffa tun kafin a haife ni. Yana bakin hanyar da ta fita zuwa Maine. Ba wani babban wuri ba ne, fili ne da katanga da rumfa, motoci shida ko bakwai na hannu, wasu daga Kotonu, wasu daga mutanen gari. Alhaji ne mai gida. Lawali bakanike ne ke duba ciki da ƙarƙashi. Tsalha yana kawo masu saye, ya tsaya shaida. Ni kuwa, da shekarata goma sha shida, na baro lakwal, wato makarantar boko, da ƙafata kafin ta koro ni, aka ba ni wanki da dafa shayi da karatu.

Karatun nan sai na yi bayani, don ba a yin sa a ko'ina sai wurinmu. Duk motar da ta shigo, Alhaji da Lawali za su fita da ita cikin yashi su wahalar da ita, su dawo. Sai Alhaji ya ɗauki alli ya rubuta duk aibinta a jikin gilashin gaba, ta ciki, ɗaya bayan ɗaya da lamba. Ranar ciniki, kafin a miƙa makulli da katin mota, sai a karanta wa mai saye da ƙarfi a gaban shaidu. Akwai takardar sayarwa ta Faransanci mai hatimi, wadda ta ce an sayar da mota yadda take, amma ita Alhaji don ofis kawai yake yin ta. Dokarsa a baki take: abin da aka karanta maka ya zama naka, abin da ba a karanta maka ba nasa ne. Sauran masu sayar da motoci suna cewa ba su taɓa ganin mutumin da ke zagin hajarsa da allinsa ba.

Ni kuwa karatun nan ya fi mini komai daɗi. Nakan hau taya in buɗe murya kamar mai shelar ɓatan raƙumi, har masu sayar da mai a kwalba su tsallako su saurara.

A farkon kakar tattasai aka kawo wata farar bashe, irin mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar kaya. Ta girme ni, kuma ina zargin ta yi wa Lawali raino. Alhaji ya rubuta mata aibi biyar. Ranar da zai tafi Maine ta'aziyya, ya ce in wanke ta da kyau, mai ita zai zo gobe, an riga an daidaita, Tsalha zai tsaya a madadinsa. Na wanke ta har ta fara ganin kanta yarinya. Na share baya, na tarar da wani gungumen itace mai santsi, na ce wannan shara ce, amma sharar da ta dace da mazaunina, na kai shi gefen tukunyar shayi. Daga nan na shiga gaba ina bin waƙar kaset, na goge gilashi tas. Sai da na ga hasken rana ya shigo babu ko ɗigon fari na gane abin da na yi.

Ban gaya wa kowa ba. Na ɗauko alli na kwaikwayi hannun Alhaji, har da lanƙwasar da yake yi wa lamba biyu. Ƙofar direba ba ta buɗewa sai ta waje. Fitilar hagu tana kallon taurari. Tana shan ruwa, a riƙa duba ta. Ƙahonta yana kuka kamar akuya mai mura. Huɗu ke nan. Na tsaya ina jin irin abin da mutum ke ji in ya fito gida yana shafa aljihu, ya san ya bar wani abu bai san mene ne ba. Na ce a raina huɗu ma ai sun ishi mota ɗaya, na tafi cin abinci.

Mai sayen shi ne Ba Kiyari, dattijo dogo, Babarbare, manomin tattasai daga wani ƙauye a bakin kogin Komadugu. Ya zo da ɗansa Bukar wanda zai riƙa tuƙa masa. Shekara da shekaru yana jiran motar haya ta ga dama ta zo ta kwashe masa kaya, bana ya ce ya gaji. Na hau taya na karanta. Bai yi dariya ba ko a wurin akuya. Ya sa na maimaita, yana lanƙwasa yatsa ɗaya ga kowane aibi.

"Shi ke nan, yaro?"

"Shi ke nan, Baba."

Aka sa hannu, aka yi fatiha, Bukar ya goge allin da hannun rigarsa kamar yadda kowane mai saye ke yi, suka tafi.

Bayan kwana tara, da hantsi, ina zaune kan gungumena ina fifita gawayi, sai ga tarakta tana janyo bashe da igiya. Laka har gilashi, ciyawar ruwa na lilo a madubi, buhunan tattasai a baya suna ɗigar jan ruwa. Na rantse muku tun daga bakin ƙofa idona ya fara yaji. Ba Kiyari ya sauko, wandonsa ya bushe da laka har gwiwa. Bai ɗaga murya ba. Ya gaisa da Alhaji gaisuwa cikakkiya, gida da iyali da gajiyar hanyar Maine, har ya yi masa ta'aziyya, sannan ya zauna ya faɗi abin da ya kawo shi.

Sun yi lodi sun kai mashigin da jiragen ruwa ke tsallakar da tattasai zuwa wancan gefe. Gaɓar wurin gangare ce. Bukar ya ja burkin hannu, suka sauka suna magana da mai jirgi. Sai ihun yara suka ji. Mota ta kama hanya da baya ita kaɗai, a hankali kamar mai zuwa wanka, ta shiga kogi har ruwa ya rufe bayanta. Allah ya sa matan da ke wanki a wurin sun tashi ba da jimawa ba. Ni dai na ji an ce ranar kifaye har garin Bosso sun wuni suna atishawa, amma wannan ba Ba Kiyari ya faɗa ba. Abin da ya faɗa shi ne lodin farko ne na kakarsa, mafi kyau, kuma busasshen tattasai in ya sha ruwa kowa ya san abin da ya zama.

Kafin ya gama mutane sun taru. Tsalha ya ja Alhaji gefe, kusa da ni, yana raɗa irin wadda ake ji daga tasha. Ya ce akwai takarda, akwai hatimi, ko gaban jandarma aka je babu abin da za a ce. Ya ƙara da cewa tsohon Hausarsa ba ta nuna sosai ba, sai a ce an karanta masa bai gane ba. Alhaji ya ce masa ya bar maganar takarda, ita kuma ta biyun kada ya sake jin ta. Amma shi ma a ransa ya tabbata an karanta, tun da da hannunsa ya rubuta. Ya dawo ya zauna ya ce wa Ba Kiyari, cikin ladabi, burkin hannu shi ne na uku a rubutun, har ya sa gungume a baya don a riƙa tokare taya in an tsaya a gangare. Kun san ƙasarmu, in ka ga dutse a Diffa to baƙo ne, wani ya kawo shi.

Da na ji kalmar gungume, sai na ji abin da nake zaune a kai ya yi zafi. Na baza rigata na rufe shi ta ko'ina kamar kaza a kan ƙwai.

Ba Kiyari ya ɗaga yatsu huɗu, ya jero su daidai yadda na faɗa, har da akuyar. Ya ce bai ga gungume ba. Alhaji ya juya wurin Tsalha, Tsalha ya ce shi dai ya ji an yi karatu, amma bai ƙirga ba. Allin kuwa an goge. Aka fara ƙus-ƙus, wani a baya ya ce tsufa ne, wani ya ce neman a biya shi ne. Na kalli tsohon. Ba fushi na gani ba, kunya na gani, ta mutumin da ya kai wannan shekaru ana shakkar maganarsa a gaban yara.

"Alhaji, ni ban yi karatu ba, amma kunnena lafiya," in ji shi. "In rantsuwa ake so, a ba ni ruwa in yi alwala."

Ya fara naɗe hannun riga. Babu wanda ya kalle ni, ko Alhaji bai kawo ni a ransa ba. In na yi shiru, maganar ta mutu, ni da gungumena mu tsufa tare. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na rungumo itacen nan na kai tsakiyar fili na ajiye.

"Kawu, huɗu na karanta. Na wanke naka, na rubuta nawa."

Na rufe ido ina jiran mari, har na zaɓar masa kuncin da zai fi sauƙi. Marin bai zo ba. Da na buɗe, sai na ga Alhaji Habu, mai garaji, da babbar rigarsa, ya durƙusa a cikin laka gaban Ba Kiyari. Ya roƙe shi ya yafe masa, ba don mota ba, don ya bari an kai shi ga neman ruwan alwala. Tsalha ya yi maza ya ce ai yanzu an ga mai laifi, yaro ne, sai a san yadda za a yi da shi.

"Yaron wa?" in ji Alhaji. "Allin wa? A garajin wa aka karanta?"

Tsalha ya ja da baya ya shige cikin mutane.

Nan take Alhaji ya tsara komai. Lawali zai sauke mai, ya busar da inji, a aika Maiduguri a kawo sabuwar wayar burki. Kafin nan Bukar ya ɗauki motar Alhaji ta kansa ya ci gaba da jigila, don kaka ba ta jira. Tattasai kuwa, Ba Kiyari ya shiga kasuwa ya zaɓi busasshe irin nasa, buhu a madadin buhu, jiƙaƙƙen ya zama na Alhaji. Sai tsohon ya ƙi. Ya ce shi ma ɗansa da ya bar mota a giya da ba ta gudu ba, don haka ba zai ɗora wa mutum duka ba. Alhaji ya ce wanda ba a gaya masa ba ba ya da laifi. Suka kama gardama, kowa yana jan asara wajensa, har aka kira azahar. Na sha ganin faɗan mai saye da mai sayarwa, amma ban taɓa ganin wanda aka yi shi a juye ba. A ƙarshe Ba Kiyari ya riƙe buhunan sama da ruwa ya ɗan taɓa, Alhaji ya ɗauki na ƙasa da suka sha suka ƙoshi.

Hukuncina ya zo washegari. Aka shimfiɗa tamfol a tsakiyar garaji, aka zazzage jiƙaƙƙen tattasai, aka ba ni manjagara. Alhaji ya ce in riƙa juya shi daga safe zuwa la'asar, kuma duk wanda ya tambayi abin da tattasai ke yi a wurin sayar da mota, ni zan ba shi amsa, ba ragi. Kwana takwas na yi. Na yi atishawar da ta isa a raba wa unguwa guda. Sau ɗaya na manta na sosa ido, na ga kakannina. Maƙwabtanmu masu motoci suna leƙowa ta katanga suna tambaya ko Alhaji ya koma sayar da yaji, nawa ne tiya. Shi kuwa yana rumfa yana jan carbi, in mai saye ya shigo ya toshe hanci, sai ya nuna ni da haɓa. Na ba da labarin nan har na iya shi da Barbarci.

A cikin kwanakin nan na gane cewa karatun da nake yi kamar wasa shi ne ainihin abin da Alhaji ke sayarwa. Tsohuwar mota kowa yana da ita, kuma kowace tana da ciwo. Mutum yana shigowa wurinmu ne don ya tafi da sanin ciwon tasa, kuma in an ɓoye masa, ko da kuskuren ƙaramin mahaukaci irina ne, ya san ƙofar da zai dawo ya buga.

Tattasan bai dawo ba. Ya bushe amma ya yi baƙi, kaɗan mata masu daka yaji suka karɓa, sauran aka kai bola, Alhaji bai sake ambaton sa ba. Bashe ta tashi bayan mako biyu da sabon burki, tana nan tana jigila a bakin Komadugu. Ranar da Ba Kiyari ya zo ɗaukar ta, ya sa na hau taya na karanta masa aibinta daga farko, ya ƙirga da yatsu, sannan ya nuna gungumen ya ce a sa masa a baya duk da haka. Tun daga ranar a kan jarka nake zama in dafa shayi.