Kwamfutar da Malam Ya Cire wa Baki

Mutanen Karaye Shitu Mai Kwamfuta suke ce masa. Ni matarsa ce, Malam nake cewa. Shagonsa na bakin kasuwa, ɗan tsukuku, kullum cike da matattun kwamfutocin da aka kwaso daga Kano a gwanjo, waɗanda kowa ya ce sun gama yayi.

Sana'arsa ragi ce. Yakan ce kowace kwamfuta tana da zuciya, wato tushen manhajar da ke tafiyar da ita, kuma masu yin ta sun cusa mata kayan duniya: na kamara, na sauti, na na'urorin da ba a taɓa gani a Karaye ba. Tsohuwa ba ta iya ɗaukar wannan lodin, sai ta yi ta nishi. In ka kawo masa taka, sai ya titsiye ka da tambayar me za ka yi da ita. Malamin makaranta daga Falgore ya ce buga jarrabawa kawai, to shi ke nan, Malam zai buɗe jerin zaɓi ya kashe duk sauran, ya sake haɗa zuciyar ƙarama. Sai ka ga tsohuwa tana gudu.

Tasa ta kansa kuwa ya fi tsananta mata. Har sauti ya cire, wai surutuna a gida ya ishe shi. Na ce to madalla.

Bara idonsa ya fara dusashewa. Da fari ya ce hasken allon ne, daga baya ya ce tabarau ne. Muka yi ta zaryar asibitin Kano har ƙafata ta gaji, likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Masu kawo gyara suka ja baya. Ya koma zaman tabarma a zaure, wata rana har ya ce mini shi ma yanzu yana cikin abubuwan da ya kamata a kashe a jerin. Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai. Na san in shagon nan ya rufu, shi ma binsa zai yi.

Autarmu Kausar, da take koyarwa a Rogo, ita ta zo da labarin wata manhaja mai karanta wa mutum abin da ke kan allo. Aka saka, shiru. To ina za ta yi magana, ai shi ya cire mata bakin da hannunsa. Kausar ta fara kuka. Ya ce ta yi shiru, shi bai taɓa zubar da komai ba, kashewa kawai yake yi, abin yana nan a jerin. Matsalar, jerin ne ba ya gani.

Haka suka wuni ranar Asabar, tana karanto masa layi-layi da Turanci, yana cewa wuce, wuce, shiga nan, kunna wannan. Tuwo ya huce sau biyu. Da suka gama, na'urar ta kama haɗa kanta har bayan la'asar, ni kuwa duk na gaji da jira.

Da aka kunna, sai ga murya kamar ta mai mura tana karanto rubutu. Malam ya lalubo madannan ya danna, ta faɗi abin da ya danna. Ya daɗe yana saurare. Ni ina jiran hamdala, sai ya yamutsa fuska.

"Ta yi nauyi," in ji shi. "Da ba ta daɗewa haka kafin ta tashi."

Na ce, "Malam, kai ma ka yi nauyi, kuma ba mu cire ka ba."

Can ya ce wa Kausar ta duba masa inda ya ajiye mukullin shago.