Mawaƙin da Ya Ce a Jira Ya Gama

Haihuwa da makaranta

An haifi marigayi, wanda aka fi sani da Sannu-Sannu, a shekarar 1971, a wani gida mai ɗaki biyu da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta garinsu. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarsa kuma tela. Ya tashi da in'ina mai tsanani, kuma yara ne suka laƙaba masa wannan suna a firamare a 1978, saboda daɗewar da yake yi kafin ya amsa kiran suna. A shagon mahaifinsa aka gano cewa idan ya bi waƙar rediyo, harshensa ba ya sarƙewa ko kaɗan.

Zamansa a ƙungiya

A 1992 ya shiga ƙungiyar mawaƙan zamani ta Fitilun Titi, ƙarƙashin wani makaɗin jita da kowa ke kira Oga. Sharaɗin da aka gindaya masa shi ne ya rera waƙa, amma kada ya yi magana a kan dandamali ko a gaban 'yan jarida. Ya yi shekara goma sha ɗaya a haka, yana tsara yawancin waƙoƙin, Oga yana bayaninsu.

Aure

A 1996 ya auri wata ma'aikaciyar jinya, wadda ta sha faɗa cewa ita ba ta taɓa ƙarasa masa magana ba, domin ba sauri take ba. Allah Ya ba su 'ya'ya uku.

Rabuwa da ƙungiya

A watan Maris na 2003, ana hira da su kai tsaye a gidan rediyo, mai gabatarwa ya tambaye shi asalin wata waƙa. Ya fara amsawa ke nan sai Oga ya janye makirufo, ya kwaikwayi maganarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka jira wannan, sai mu kwana a nan!" Aka yi dariya, matarsa da 'ya'yansa suna saurare a gida. Washegari ya ninke rigar ƙungiya, ya ajiye a kan akwatin ganga, bai sake komawa ba. Ba korarsa aka yi ba, saɓanin abin da ake yaɗawa har yau.

Kundinsa na farko

A 2004 ya ɗauki waƙoƙi takwas a wani ƙaramin situdiyo da ke saman kantin taya. Kafin waƙar farko ya yi gaisuwa da bakinsa, ya faɗi sunansa da na iyayensa, da in'inarsa da komai. Mai haɗa sauti ya nemi ya yanke wurin, dillalan kaset suka ce babu mai sayen kayan kunya, amma ya ƙi a taɓa ko harafi ɗaya. Ya sa wa kundin suna *Ku Jira In Gama*. Kafin ƙarshen shekara an sake buga shi sau da dama, kuma a duk wurin wasa jama'a sukan yi tsit har ya kammala gaisuwarsa, sannan su ɓarke da tafi. Ya fitar da wasu kundaye uku bayan wannan, bai taɓa ɗaukar mai magana da yawunsa ba.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Yuni, 2021, bayan jinyar ciwon ƙoda, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Oga ya zo gaisuwa, yana shaida wa mutane cewa shi ya raini marigayi a harkar waƙa. Da autar marigayi ta fara yi masa godiya harshenta ya sarƙe, sai ya yi wuf zai ƙarasa mata. Mahaifiyarta ta ce, "Malam, jira ta gama." Ya jira.

Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Yaya Babba, direban motar asibiti, Anti Malama, mai koyarwa a firamare, da Auta, tela, wadda ta gaji in'inarsa kuma ba ta ba kowa haƙuri a kanta. Allah Ya jiƙansa da rahama.