Ruwan da Kakata Ta Kai Azelik

Kakata ta wajen uba ba ta iya roƙo ba, sai gori. Shekarar da aka rufe lakwal, makarantar boko, saboda yajin aiki, ni malami ina zaman kashe wando a Barmu, ta same ni gindin bedi ta zungure ni da sandarta.

"Angona, tunda gwamnati ta sake ka, tashi ka kai ni wurin innata."

Na san zancen, duk gidanmu an san shi. Tana ƙaramar yarinya ubanta ya tafi fataucin gishiri Tegidda da jakuna, ya ɗauki iyalinsa saboda gida babu abinci. Agana ta kama uwarta a hanya, ta cika kusa da kufan Azelik, tsohon birnin nan da ya mutu tun zamanin da ba wanda ya tuna. Mutanen da ke zaune bakin idon ruwa suka ji tsoron cutar, suka hana su matsowa. Taimama aka yi wa gawar, aka rufe ta cikin kaburburan mutanen dā. Ko ɗigon ruwan nan da ake yayyafa wa sabon kabari ba ta samu ba. Abin da ke cin Kaka ke nan har ta tsufa, har yanar ido ta rufe mata gani.

Na ce, "Haba amarya, hanyar arewa yanzu ta fara lafawa, ke kuma ko ƙofar ɗaki sai an nuna miki."

Ta ce, "Raggon miji! In tsoro kake ji, ba ni wandon in sa."

To, dole na tashi. Muka sami kamiyo a Tahoua, babbar mota mai kai hatsi Tegidda ya dawo da gishiri. Direban, wani mai faɗan tsiya, ya yarda zai ratse da mu, amma ya rantse ba zai kashe mota ba. Kaka ta zauna gaba rungume da buta cike da ruwan rijiyar gidanmu, ta toshe bakin da tsumma. Abalak, Ingal, shingen soja bayan shingen soja, ƙishi ya ishe mu, amma ko da wasa ba ta bari an taɓa butar ba.

Ni da nake koya wa yara tarihi, na zaci zan ga ganuwa da soraye. Ina! Fili ne shimfiɗe, duwatsu jere inda gidaje suka taɓa tsayawa, tsingaro ko'ina kana takawa yana ƙara. Can ga tushen masallaci, alƙiblarsa ba ta goce ba. Daga ƙasa idon ruwa na tsattsafowa daga dutse, da ɗan kore kewaye da shi, awaki na sha. Birni guda ne dā a nan da kasuwarsa da maƙeransa.

Kaka ba ta damu da wannan ba. "Kai ni makwantai," ta ce.

Na kai ta. Kaburbura ne iya ganin ido, kowanne kewaye da duwatsu, duk iri ɗaya, wasu rairayi ya cinye rabinsu. Ta ce akwai ƙaya kusa da na uwarta. Na duba gabas na duba yamma, babu itace ko ɗaya. Wallahi na so in nuna mata kowanne in ce ga shi, amma na kasa yi mata ƙarya.

"Kaka, suna da yawa. Ba a ganewa."

Direba ya danna oda. Na dubi Kaka, tausayi ya kama ni har na kau da kai.

Sai ta cire tsumman bakin butar. "Kama hannuna. Fara da na farko."

Ta duƙa ta shafa duwatsun, ta zuba ruwa a tafinta ta yayyafa. Muka matsa na gaba, ta yi haka. Kan kowanne tana cewa a hankali, "Inna, ni ce. In ke ce nan, ga ruwa." Ba mu yi nisa ba butar ta ƙare. Na gangara idon ruwan nan da aka hana su, na ciko. Na sake cikowa.

Direba ya taso da masifa, yana cewa rana za ta faɗi mana a daji. Ya tsaya ya ji abin da Kaka take faɗi. Sai ya koma ya kashe motar, ya sauko da bidon, jarkar ruwansa, a kafaɗa ya bi bayanmu.

Ƙafafunta suka kumbura, bayanta ya ƙi miƙewa, daga baya sai da na goya ta tana miƙo hannu ta saman kafaɗata. La'asar sakaliya muka kai na ƙarshe, wani ɗan guntu a gefe. Na sauke ta ta zauna a ƙasa tana haki.

"Ba mu tsallake ko ɗaya ba?"

Direba ne ya amsa. "Ko ɗaya, Inna."

Ta goge jiƙaƙƙen hannunta a fuska, ta ce, "To, ko ina take, yau dai ta sha."