Faɗin Ƙafar Sarauniya

A layin da ke bayan tashar mota, tsakanin shagon mai gyaran fanka da na mai wanki da guga, akwai wani tsoho mai ɗinkin takalmi da kowa ke kira Baba Dunduniya. Halinsa ne ya jawo masa sunan, don ba ya kallon fuskar mutum. Ka shigo ka gaishe shi, idonsa na kan ƙafarka, sai ya gama karanta yadda dunduniyar takalminka ta cinye kafin ya amsa. Daga nan zai gaya maka kana jan ƙafar hagu, ko kana yawan tsayuwa a wurin aiki, ko kuma takalmin ma ba naka ba ne, aro ka yi. Mutane ba sa son jin na ƙarshen nan, shi kuwa ko a jikinsa.

'Yarsa ce matar sarkin wata ƙasa can ƙetaren teku. Duk layin an sani, kuma an gaji da mamaki tuntuni. A littafin da fadar ƙasar ta buga na tarihin sarauniyarsu, an rubuta cewa mahaifinta mai masana'antar sarrafa fata ne. Masana'antar nan dai ɗaki ne wanda in tsohon ya miƙa hannuwansa zai taɓa bango biyu. Akwai keken ɗinki da ya gada wurin ubansa, da tebur da gam ya bushe a kansa har ya yi tudu, da warin fata da ke bin mutum gida. Ma'aikata kuwa shi ne, sai wata kyanwa da ba ta taɓa kama ɓera ba.

A ɗakin nan ubansa ya yi gyaran jakunkuna har idonsa ya mutu, shi kuma ya hau kujerar tun bai iya riƙe basilla da kyau ba. Ya auri wata mai gugar zannuwan gado a asibiti, mace mai dariya da ƙarfi, wadda hannayenta kullum suke da tabon ƙuna. Suka haifi biyu. Babban ya zama direban babbar mota, ba a ganinsa sai an yi sa'a. Ƙaramar, wadda uban bai taɓa kira da wani suna ba sai Auta, a ƙarƙashin teburin nan ta girma, tana aikin makaranta a kan kwalin takalmi. Kanta na ja ƙwarai, har gwamnati ta ɗauki nauyin karatunta zuwa waje.

Ana gab da tafiyarta ya zaunar da ita, ya auna ƙafafunta, ya sassaƙa ƙafar katako guda biyu, dama da hagu, daidai da nata har ɗan karkacewar ƙaramin yatsa. An ce masa can akwai sanyi, shi kuwa bai yarda da takalmin kanti ba. A kan katakon nan zai riƙa ɗinka mata yana aikawa har ta gama ta dawo.

Ba ta dawo ba. Wani ɗan ajinsu mai yawan aron biro, ashe shi ne magajin sarautar ƙasar. Da maganar aure ta taso aka ce sai ta ajiye fasfonta ta ɗauki nasu, ta ajiye. An aiko wa iyayen tikitin jirgi, amma uwar tana kwance a asibitin da ta yi wa guga, shi kuma ya ce ba zai bar ta ba. Ƙanwarsa ce ta tafi a madadinsu, ta dawo ta cika layi da labari, ta kuma naɗa wa kanta sarautar Gwaggon Sarauniya, wadda har yau ba wanda ya isa ya tuɓe ta. Shekara ba ta zagayo ba uwar ta rasu. Auta na da tsohon ciki a lokacin, cikin da ƙasa guda ta zuba wa ido, likitoci suka ce ba jirgi. Furanni suka zo a mota, masu yawan da sai da aka jera wasu a ƙofar mai gyaran fanka.

Tun daga nan wani abu ya ɗauke a jikin Baba Dunduniya. Bai yi kuka ba, bai yi fushi da kowa ba. Abinci ya daina yi masa daɗi ko rashin daɗi. Yana buɗe shago, yana rufewa, in basilla ta soke shi sai ya ga jini kafin ya san ta soke shi. Abu ɗaya bai fasa ba: duk shekara, in sanyin can ya kusa, zai sauko da ƙafar katako, ya zaɓi fatar da ta fi laushi, ya ɗinka takalmi ya kai gidan waya.

Tana kiransa, ba a ce ba ta kira ba. Sai dai wani namiji ne ke fara magana, ya ce a dakata wa Sarauniya, kuma tsohon bai taɓa iya hira da abin da ba ya ganin ƙafarsa ba. In sun gaisa sai ya tambaya:

"Takalmin ya iso?"

"Ya iso, Baba."

"Ya yi?"

"Ya yi."

Shekara ashirin da wani abu, hirarsu ke nan.

Ya sayi ƙaramar talabijin ya ɗora a kan kantar shagon. Duk sanda aka nuno ta tana buɗe makaranta ko tana gaisawa da baƙi, sai ya ajiye aiki ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Amma masu ɗaukar hoto, in ji shi, 'yan banza ne, daga ƙugu suke yanke mutum. Ranar da suka yi kuskuren nuno ta gaba ɗaya kuma, doguwar riga ce har ƙasa.

"Yaya, kai ma dai da wahalar da kai," in ji Gwaggon Sarauniya wata rana, tana zaune kan kujerar masu jiran gyara. "Matar da ke da ɗaki guda na takalma? Na gani da idona fa. Naka masu shara ake ba, in ma an buɗe kwalin."

Ya ci gaba da jan zare. Amma maganar ta zauna. Abin da yake so ya sani a duniya bai wuce wannan ba: tana sawa, ko ba ta sawa. In tana sawa, yana da 'ya. In ba ta sawa, to yana da hoto a talabijin, irin wanda kowa ke da shi.

Sai ga shi sarkin ya kawo ziyarar aiki ƙasar nan, da matarsa. Da hantsi wata baƙar mota ta tsaya a bakin layi, don ba ta iya shiga ba. Gwaggo ta ci ado tun safe, aka ce mata mutum ɗaya aka aiko a ɗauka, ta koma gida tana faɗa da iska. A ƙofar otel aka laluba aljihun tsohon, aka karɓe basillar da ya manta da ita a ciki, aka bar masa guntun fensir. Wani ma'aikacin fada mai baƙar kwat ya hau da shi bene, ya ce masa lokacin kaɗan ne, akwai liyafa da ake jira.

Ɗakin ya fi shagonsa da na maƙwabtansa a haɗe. Ƙofa ta buɗe, ya ji takun ƙafa a kan kafet, idonsa ya sauka inda ya saba sauka. Takalminsa ne. Ruwan ƙasa, na bara, ya san kowane ɗinki da ke jikinsa. Sai dai mai shi tana takawa kamar wadda ke tafiya kan tsakuwa, naman ƙafar ya kumburo ta saman bakin fatar. Da ta zauna ta harɗe ƙafa ya hango ƙasan takalmin fes, ko ƙwarzane babu. Yau aka fara sa shi.

"Baba," ta ce. "Ba za ka kalle ni ba?"

Ya ɗaga kai. Akwai furfura a gefen kanta. Fuskar uwarta ce sak, ban da dariyar.

"Cire," ya ce.

Mai baƙar kwat ya yi taku ɗaya, ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya zare takalmin da kansa. Bakin fatar ya bar jan layi a kan ƙafar. Ƙashin gindin babban yatsa ya turo waje, tafin ya baje. Ba ƙafar da ke rataye a shagonsa ba ce.

"Tun yaushe?"

"Tun cikin fari. Ƙafar ta buɗe, ba ta koma ba." Harshen gida ya ɗan yi mata nauyi a baki, tana ɗauko kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Sauran fa?"

"Suna nan duka, Baba. A jere. Ban ba kowa ko ɗaya ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

Ta kalli taga, ta dawo da idonta kansa. "In na ce bai yi ba, me za ka riƙa tambayata a waya?"

Ya jira ya ji wani abu, fushi ko kunya ko hawaye. Babu abin da ya zo. Hannayensa dai suka ci gaba da aikinsu. Ya janyo farar takarda daga kan teburin otel, ya ɗora ƙafarta a kai, ya zagaye ta da guntun fensirin, dama sannan hagu. Tsawon bai canza ba, faɗin ne. Ya kama wurin da ya fi faɗi tsakanin babban yatsansa da na tsakiya, ya ɗan matsa, kamar yadda yake yi wa kowa.

"Kafin sanyi zai iso," ya ce.

"To, Baba."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai baƙar kwat ya sunkuya ya ce, "Ranki ya daɗe, ana jira." Wata mata ta shigo da wani takalmin, mai faɗi, ta sa mata. Auta ta dafa kafaɗar ubanta, ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba, sannan ta fita, tafiyarta daidai.

A bakin ƙofa mutumin ya tare shi cikin ladabi. "Baba, a yi haƙuri. Takardar nan ba za ta fita ba. Duk abin da ya shafi awon jikin Sarauniya a fada yake zama. Doka ce, ba ni na kafa ba."

Tsohon ya miƙa masa da hagu, bai yi musu ba. A lokacin ne ya lura hannunsa na dama yana nan yadda ya ɗauke shi daga ƙafarta, yatsu biyu a buɗe, faɗin na tsakaninsu. Sai ya bar shi haka. Ya manna hannun a ƙirji ya sauka bene. Basillar ma bai tsaya karɓa ba. Baƙar motar ta bi ayarin liyafa, aka ce ya zauna za ta dawo, shi kuwa ya san yatsun tsoho ba sa jira. Ya tsallaka titi ya hau bas.

Wata mata ta ga hannun a sandare ta ɗauka ciwo ne, ta tashi ta ba shi wuri. Ya zauna, idonsa na kan yatsun. Tsintsiyar hannun ta fara zafi, daga baya ta daina, ta mutu gaba ɗaya. Abin da ya rage masa kaɗan ne: ya kai shago, ya ɗora yatsun a kan guntun fata, ya yi alama biyu.

Da suka doshi tasha ya miƙe tun kafin a tsaya. Wani mai babur ya gitta, direba ya taka birki da ƙarfi, mutane suka zube kan juna. Da ihun ya lafa, Baba Dunduniya ya samu kansa a tsaye, bai faɗi ba, hannunsa na dama ya damƙe ƙarfen da ke bakin ƙofa.

"Baba, sauka za ka yi ko gaba?" in ji kwandasta.

Ya sauka. Ya tsaya a gefen titi, motoci na wucewa, ya ɗaga hannun ya buɗe yatsun. Ya ƙara kaɗan, ya rage kaɗan. Ya rufe ido ya sake gwadawa. Duk yadda ya yi, yatsun sai su koma su tsaya a faɗin da ya shekara ashirin da wani abu yana yankawa.